Ranar da Kofur Ya Zo Ganin Hotonsa

Bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da shagon ɗan gwaggona mai ɗaukar hoto, a bakin titin da ya ratsa Kankiya. Taubasai muke, don haka tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Ni ina ce mashi ɓarawon fuska, shi yana ce mani ɓarawon ƙyalle, wai duk yadin da aka kawo mani sai na rage na hular ɗana. Mutanen gari kuwa Mai Hoto suke kiransa, ni kuma Tela, har wasu yaran ba su san muna da wasu sunaye ba.

A Kano ya koyi sana'ar, wurin wani mutumin kudu, tun kafin yaƙin basasa. Da yaƙi ya tashi sai ya shiga soja a matsayin direba, ya tafi da ƙaramar kyamararsa cikin jaka. Wani hafsa ya gano yana da ita, ya riƙa sa shi ɗaukar wuraren da suka wuce. Ya dawo gida ba ko ƙwarzane a jikinsa, sai dai ya daɗe bai iya cin nama ba, kuma idan tayar mota ta fashe a titi sai ka gan shi ya duƙe bayan tebur, sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa yana cewa allura ce ta faɗi. Ni kuwa sai in ce mashi allurar ai a shagona take.

Bayan yaƙi kuɗin mai suka fara zagayawa, kowa ya so a gan shi. Mai Hoto ya sayi labule mai zanen bene da jirgin sama, ya ajiye agogon hannu da tabarau da rediyon da ba ta magana, duk na aro ga mai son ɗauka. Ranar kasuwa manoma daga Ƙofa da Kusada sukan yi layi, kowa ya ɗaura agogon nan, ya rungumi rediyo, ya ƙame kamar an kafa shi. Da za a tara hotunan wancan zamani, sai a rantse duk ƙasar agogo iri ɗaya aka raba mata. Ni ma na ci arzikin, don ba mai yarda a ɗauke shi da tsohuwar riga.

Abin da ya jawo maganar hotunan yaƙi shi ne hirar teburin mai shayi da ke gefenmu. Samari sukan taru nan da hantsi suna labarin fagen fama, waɗanda ko ƙarar bindigar maharbi ba su taɓa ji a kusa ba. Wani ya ce da an ƙara wata guda ana yi, da shi ma ya tafi ya dawo da igiya a kafaɗa. Wani ya ce ai yaƙi daɗi gare shi, ga abincin gwangwani, ga takalmi kyauta. Duk wannan a kunnen Mai Hoto. Washegari, ranar kasuwa, na ga ya fito da wani faffaɗan katako, ya jingina shi a bakin shago, ya manna hotuna a kai da ƙananan ƙusoshi.

Na bar keken ɗinki na je na duba. Akwai gada da ta karye ta faɗa ruwa, akwai gidaje ba rufi. Akwai wani tsoho tsaye gaban ƙonannen gida yana nuna shi da hannu. Akwai wata mata zaune a ƙasa da yaro a cinya, yaron duk ƙashi, kansa ya yi wa wuyansa nauyi. Akwai mutane kwance a gefen hanya, waɗanda ba sai an gaya maka ba barci suke ba. A tsakiya kuma wani soja ne kwance a kan tamfol, an yanke wandonsa har sama don a kai ga rauni, ƙafar ta dagargaje, bakinsa a wangame.

Na ce, "Kai kuwa lafiya? Wanga abu a bakin kasuwa?"

Ya ce, "Su gani. Masu cewa yaƙi daɗi su zo su ɗanɗana da ido."

A ranar farko abin ya yi aikin da yake so. Samarin mai shayi suka zo, suka duba, suka koma tebur, har ɗaya ya bar shayinsa ya huce. Amma kasuwa kasuwa ce. Kafin a yi nisa katakon nan ya zama abin kallo irin na mai wasa da kura. Mutane suna cin rake suna dubawa, suna tofar da ɓawo a gindinsa. Yara suka raɗa wa sojan tsakiya suna Mai Hamma, don wai bakinsa kamar na mai jin barci, suna wucewa suna kwaikwayonsa. Ciniki kuma ya ƙaru, don wanda ya tsaya kallo yakan ƙarasa ciki a ɗauke shi da agogo. Wannan ya fi komai damun Mai Hoto, ko da yake bai faɗa ba.

Gwaggo, mahaifiyarsa, ta ji labari a gidan suna. Ba ta cika fitowa ba, amma ran nan ta yafa mayafi ta zo har shago. Ta tsaya gaban katakon ta daɗe, sannan ta juya gare shi.

"Waɗanga mutane, ka san iyayensu?"

"Inna, ina zan san su? Can wata uwa duniya ce."

"To ai suna da su. Ko gawa aka ɗauko daga daji sai an rufe ta kafin a shigo gari."

Ya ce mata idan aka rufe komai, gobe wani zai tashi ya ce ba a yi ba. Ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne tsiraicin ɗan mutane yana bakin titi. Ta leƙo shagona ta ce in yi mashi magana tunda ni yake ji. Na ce, "Gwaggo, wanga ɗan naki ko liman bai ji, balle tela." Ta yi dariya ba don ta so ba, ta tafi.

Akwai wata mai nono da ke zuwa daga rugar da ke bayan Bauranya, bazawara ce, ba ta da yawan magana. A inuwar shagona take sauke ƙwaryarta duk ranar kasuwa. Ran nan ta sauke, ta juya, idonta ya faɗa kan katakon. Na ga ta matsa kusa, ta ƙura wa sojan tsakiya ido. Sai ta cire faifan da ke rufe da ƙwaryar, ta rataya shi a kan ƙusar da ke saman hoton, ya rufe shi ruf. Ta bar nononta a buɗe, ta zauna tana kore ƙuda da hannu har ta sayar. Da za ta tafi ta ɗauki faifanta, ta mayar a kan ƙwaryar.

Kasuwar da ta zagayo, da hantsi, wani jaki ya tsaya a ƙofar shago. Mutumin da ke kansa ƙato ne, baƙi, mai wushirya, da tsohuwar hular soja a ka. Ya zuro sanduna biyu ƙasa, ya diro a kan ƙafa ɗaya da gwaninta, ya yi sallama da muryar da ta sa tattabarun kan rufi suka tashi.

"Ina mai hoton yake? A gaya mashi Mai Hamma ya zo da kansa!"

Mai Hoto ya fito da fim a hannu. Ya dubi mutumin, ya dubi katakon, ya sake duban mutumin. Ashe sojan nan ɗan Mawashi ne, tafiyar jaki daga inda muke. Kofur ne a soja, kuma Kofur kowa ke ce mashi. Mai Hoto bai taɓa sanin daga ina yake ba, don a ranar da suka haɗu ba wanda ke tambayar garin wani.

Kofur ya dogara sandunansa har gaban katakon. Ya sunkuya ya duba kansa da kyau, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Sai ya tuntsire da dariya har sanda ɗaya ta kusa suɓuce mashi.

"Wallahi ni ne! Kai, ka kashe ni, Mai Hoto. Ka san mi na gaya wa mutanen Mawashi? Na ce masu da abin ya same ni ko uffan ban ce ba, sai ma na roƙi taba. Shekara da shekaru ina cin goro da labarin nan. Yanzu ga ni ina kiran inna a bakin kasuwar Kankiya!"

Mutanen da suka taru suka yi dariya, mu ma muka yi, don ba yadda za ka ƙi dariya idan Kofur yana yi. Na fito mashi da benci, na aika aka damo fura. Ya zauna ya jingine sandunan, ya sha, ya goge baki. Sannan ya dubi Mai Hoto, murya ta sauka.

"Kai ne direban da ya kai mu asibiti, ko? Na tuna wuyanka ta baya. To ina da tambaya. Wanne ka fara ɗauka, ni ko hotona?"

Mai Hoto zai iya yin ƙarya, ba mai ƙaryata shi. Ya ce, "Hoton. Masu magani suna ɗaure ƙafar, ni ina tsaye da kyamara. Ƙiftawar ido ce."

"Ƙiftawar idonka. Ni a wurina ta yi damina guda." Kofur ya ɗan yi murmushi. "Ban zo faɗa ba. Ka kai ni asibiti, ga ni ina shan fura. Amma tsohuwata tana da rai, kuma tana cin kasuwar nan idan ta sami mai rako ta. Ba ta taɓa ganin ƙafar ba sai da ta warke. Sannan wadda ta rufe ni da faifai, ita ta kai mani labari, maganar aure muke. Ka ga ta riga ta ga abin da ba a gani sai an shafa fatiha."

Wannan ma ya sa aka yi dariya, amma Mai Hoto ya zare ƙusoshin, ya miƙa mashi hoton. Ya roƙi Kofur ya yafe mashi. Ya kuma faɗi dalilinsa, ya ba shi labarin samarin mai shayi. Kofur ya gyaɗa kai ya ce dalilin mai kyau ne, shi ma yana da ƙane mai irin wannan bakin.

"Da ka ishe ni ka tambaya, wataƙila da na ce ka kafa. Wataƙila kuma da na ce ka bari sai tsohuwa ta kwanta dama. Ai ƙafata ce."

Na zaci magana ta ƙare. Sai Kofur ya ɗaga sanda ya nuna matar nan mai yaro a cinya.

"Ni jaki ya kawo ni. Ita wa zai kawo ta?"

Mai Hoto ya ce bai san ta ba. A harabar wata makaranta ya gan ta, cikin mutanen can ɓangaren da ke jiran a raba masu abinci. Kofur ya tambaye shi ko ta ga lokacin da ya ɗauka. Ya ce ta gani. Da ya ɗaga kyamara sai ta kau da kai, ta ja zane ta rufe yaron. Shi kuma ya zagaya ta ɗaya gefen, ya jira har zanen ya zame.

Kofur ya ce, "To ai ta ba ka amsa. Ba ka jin yarenta, amma wannan kam ka ji."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Hoto ya cire hoton matar ya kifa shi a kan cinyarsa.

Daga nan muka ɗauke katakon muka shiga da shi shagona, muka baje a kan teburin yanka. Har la'asar muna kai, muna gardama. Gada da gidaje ba wanda ya yi musu a kansu. Tsohon nan mai nuna ƙonannen gida, Mai Hoto ya ce shi ne ma ya kamo hannunsa, ya ja shi har wurin, ya yi ta nuna kyamara yana nuna gidan, bai sake shi ba sai da ya ji ƙarar ɗauka. Kofur ya ce wannan a bar shi a sama, a sa mashi gilashi ma, tunda aike ya ba da, kuma dole a isar. A kan waɗanda ke kwance gefen hanya ne aka kasa daidaitawa. Kofur da kansa ya ce su ne yaƙin, in an cire su saura labarin gada. Ni na ce to su ba su da bakin cewa e ko a'a. Mai Hoto ya ce shi bai san daidai ba, a can dai ya ga kamar idan bai ɗauka ba sun mutu sau biyu.

Gwaggo, da aka kai mata maganar, ta ce a haƙa rami a binne hotunan nasu kamar yadda ake yi wa kowa. Mai Hoto ya ƙi, kuma a nan ban ga laifinsa ba. Abin da aka tsaya a kai shi ne na ɗinka jaka da farin alawayyo, da zariya a baki, aka zuba su ciki har da na matar. Jakar tana cikin akwatinsa. Wanda ya zo da gaske yana son sanin abin da aka yi, yakan shigar da shi ciki, su zauna, ya nuna mashi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda aka ɗauka. Ba a cin rake a wurin. Malaman makaranta sun zo, tsofaffin sojoji sun zo, wani ma ya yi kuka. Na matar kuwa ban ƙara ganin ya fito da shi ba, ban kuma tambaye shi ba.

Kofur bai tafi hannu biyu ba ran nan. Ya ce tunda an ɗauke shi ba wando, bashin wando ne a kan gidanmu, kuma ga tela a kusa. Na ɗauko abin awo, na durƙusa, sai na rasa yadda zan yi tambayar. Ya gane.

"Ɗinka ƙafa biyu, Tela. Ita ƙafar ce ta tahi, wando bai yi laifin komi ba."

Na ɗinka mashi kaftani da wando na shuɗiyar shadda, na yi wa wuyan aiki. Ranar da ya zo ɗauka, Mai Hoto ya zaunar da shi gaban labule, ya jawo tukunyar fulawar roba ya ajiye daidai inda ƙafar ta ƙare, ya kwashe sandunan zai kai bayan ƙofa. Kofur ya ce ya dawo da su, ya kuma ɗauke fulawarsa. Ya miƙe tsaye, ya naɗe ƙafar wandon ya soke da fil, ya dogara sanda ɗaya, ya riƙe ɗayar a kafaɗa kamar bindiga.

"Wanga karon ni na ce a gani. Ɗauka!"

Ya buɗe wushiryar nan gaba ɗaya. Wannan hoton shi ya hau tsakiyar katako, da izininsa, kuma ya ce duk wanda ya tambayi inda ƙafar take a turo shi Mawashi ya ji daga bakin mai ita. Tsohon hoton ya tafi da shi gida. Na ji daga baya cewa ya nuna wa ƙanen nasa a cikin ɗaki, su biyu, kuma ya daina ba da labarin taba, ya koma ba da labarin yadda ya yi ihu har masu magani suka toshe kunne. Wai wannan ya fi kawo goro.

Da kaka aka ɗaura aurensa da mai nono, aka gayyace mu. Mai Hoto ya yi sabon babur a lokacin, muka hau mu biyu, kyamara a wuyansa, ni ina rungume da ƙafafunta na katako. Aka yi shagali a rugar, aka cika mu da fura da nono har muka kasa sunkuyawa. Da aka zo ɗaukar hoto amarya ta aiko cewa ita ba ta so, sai dai a ɗauki ƙorenta da aka jera, don ta sha wahalar goge su. Mai Hoto ya ce to. Ya jera ango da abokansa a bayan ƙoren, ya ce kowa ya tsaya cak. Daidai lokacin da ya danna, wani ɗan maraƙi ya kutso ya zura kai cikin babbar ƙwaryar. Haka hoton ya fito, maza sun watse suna ihu, Kofur ya ɗaga sanda, maraƙi ne kaɗai ya fito sosai. Amarya ta ce shi take so, aka wanke mata babba.

A hanyar dawowa, mun wuce Ƙofa da kaɗan, babur ya yi tari ya mutu. Mai Hoto ya buɗe tanki ya leƙa, ya girgiza, babu ko ɗigo. Rediyo kullum tana cewa ƙasa ta yi arzikin mai, mu kuwa ga mu a tsakiyar gonakin dawa muna turi da cikin da ya cika da nono. Ya ce laifina ne, nauyina ya shanye man. Na ce nauyin alhakin fuskokin mutane ne. Muna cikin haka wani mai amalanken shanu ya iso, ya dube mu ya yi dariya, ya ce mu ɗora babur ɗin a kan buhunan gyaɗa. Muka hau muka zauna a gefensa, shanu suna tafiya yadda suka ga dama, har muka shiga Kankiya ana kiran magariba.